Kwangilar Tsabtar Makaranta a Ƙasar Gumel: Abin Yi da Abin Bari

Da ku nake, hedimastoci da shugabannin sakandare, 'yan kwamitin SBMC, shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, da sakatarorin ilimi na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ta hannunku kuɗin tsabta ke bi, komai ƙanƙantarsa. Ku ne ke yanke wanda zai kawo sabulu da tsintsiya da maganin banɗaki, ko wanda zai kawo masu sharar gaba ɗaya. An saba raina wannan kwangila, ana jefa wa wani ita don ya samu na cefane, alhali babu wadda ta kai ta kusa da jikin yaro. Abin da aka zuba a daɓen aji, a kansa yaro zai zauna, musamman inda kujeru ba su isa ba. Abin da aka fesa, shi zai shaƙa daga safe har azahar. Abin da aka zubar bayan katanga kuwa, ko ya nutse cikin rairayi ya nufi rijiya, ko akuyar maƙwabta ta lashe shi.

A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, kuma mun yi alfahari da haka. Amma masan da ba a wankewa, yaro ba zai shiga ba, bayan katanga zai koma. Ba mu kuma manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan ta kashe fiye da 3,000, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jigata. Saboda haka a wanke, a kashe ƙwayoyin cuta, babu ja da baya a kan wannan. Sharaɗin shi ne kada maganin ya zama wata cutar. Ga abin da za ku yi da wanda za ku bari.

Kada ku ba da kwangilar saboda zumunci ko siyasa. Ƙanin hedimasta da surukin kansila suna da damar nema kamar kowa, amma ɗan kwamitin da ke da alaƙa da mai nema ya faɗa da bakinsa, ya tashi ya bar ɗakin har a gama. Dalilin a fili yake: ranar da aka kawo sabulun da aka tsinka da ruwa, ba za ku iya mayar wa ɗan uwanku da shi ba, za ku yi shiru yara su biya. Manyan kwangiloli suna bi ta hukumar tantance kwangiloli ta jiha a Dutse. Ƙaramar sayayya irin wannan ba ta da mai sa mata ido sai ku.

Ku rubuta abin da kuke so tun kafin ku kira kowa: nau'in kaya, yawansa, da ranar kawowa. Ku ba mutum uku aƙalla takarda iri ɗaya, kowa ya mayar da farashinsa a rubuce, a buɗe a gaban kwamiti. Idan kuka bar ɗan kasuwa ya rubuta muku abin da kuke bukata, abin da ya kwanta masa a shago zai rubuta.

Ku taka ku je shagonsa da sitonsa da ƙafarku. Ku duba inda yake jibge kaya. Bilic, wanda aka fi sani da Hypo ko Jik, zafi da hasken rana na rage masa ƙarfi, kuma kun san yadda watan Afrilu yake a nan, zafi na haura digiri 40. Katan ɗin da ya yi watanni ƙarƙashin rumfar kwano, ko aka jera a bakin titi rana na dukansa, warinsa na iya saura amma aikinsa ya ragu. Ku tambaye shi makaranta ko asibitin da ya taɓa yi wa aiki, sannan ku je wurin ba tare da sanarwa ba, ku wuce ofis ku nufi banɗaki kai tsaye. Can za ku ga aikinsa.

Kada hoton koren ganye a jikin kwalba ya ruɗe ku. Kowa na iya buga ganye, ya rubuta cewa kayansa na kare muhalli. A jihar New York ta Amurka, tun 2005 aka yi dokar da ta wajabta wa makarantu amfani da kayan wankin da ba su da illa ga yara da muhalli, kuma suna da ƙungiyoyi irin su Green Seal da ke gwada kaya kafin su sa musu tambari. Tarayyar Turai ma tana da nata tambarin. Ba safai ake ganin waɗannan a kasuwanninmu ba, don haka ku riƙe abin da ke hannunku: lambar rajistar NAFDAC, sunan kamfani da adireshinsa, jerin sinadaran da ke ciki, ranar yi da ranar lalacewa. Idan ɗaya ya ɓace, ko an kankare kwanan wata, a mayar. Muna bakin iyaka, kaya na shigowa ta kowace fuska, wasu da rubutun Faransanci, wasu da Sinanci. Matuƙar babu wanda zai iya karanta gargaɗin da ke jiki a makarantar, ba za a saya ba. Ku koyi alamun haɗari kuma, waɗanda ke cikin jan layi mai kusurwa huɗu: ƙoƙon kai da ƙasusuwa, ruwan da ke cin hannu, mataccen kifi da busasshiyar bishiya. Kayan da ke ɗauke da ƙoƙon kai ba su da wurin zama a makaranta.

Kada ku karɓi duk abin da aka ɗura a gorar lemo ko ta ruwan sha. Wannan ba ya bukatar muhawara. Ku dubi yadda abin yake: ruwa kore shar ko ruwan hoda a cikin gorar lemo, babu rubutu, an ajiye a gindin taga saboda mai shara ya tafi ɗebo ruwa, ga ɗan aji ɗaya da ya fito gida bai karya ba. Bai iya karatu ba ma ballantana a ce ya duba. Launi kawai zai gani. Mai kawo kaya zai ce muku, “Ranka ya daɗe, ai haɗin gida ne, ya fi na kamfani ƙarfi.” Ku ce masa, “Alhaji, me ke ciki, kuma nawa?” Idan ya fara kame-kame, an gama magana.

Ba ina nufin ku juya wa masu haɗa sabulu na gida baya ba. Mata da yawa a garuruwan nan sun koyi yin sabulun ruwa da na wanki, kuma kuɗin makaranta ya zauna a gari ya fi ya tafi Kano. Ku saya a wurinsu da sharaɗi. Su rubuta abin da suka zuba, su kawo a jarka mai murfi da suna a jiki, ku gwada a hannu: sabulun da soda ta yi wa yawa yana sa fata zafi, yana tsattsaga hannun mai wanki. Ku tambaye su ko suna sa fomalin don kada ya lalace, domin yana cikin haɗin da ake koyarwa a wurare da dama, sinadarin da ke cikinsa kuwa hukumar binciken kansa ta duniya ta sa shi cikin masu haddasa kansa tun 2004. A cire shi, a riƙa yin kaɗan-kaɗan ana ƙararwa. Sabulu kaɗai za ku saya a haka. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na haɗin gida, wanda ba wanda ya auna ƙarfinsa, ku bar shi.

Ku rage yawan kaya. Makarantar firamare ba ta bukatar kwalabe goma sha. Sabulu, bilic iri ɗaya, toka, ruwa, tsintsiya, buroshi, bokiti, manjagara da baro sun ishe ta. Tsintsiyar kaba da ta kwakwa, idan sun ƙare ƙasa za ta cinye su, ta roba kuwa tana nan shekara da shekaru. Duk ɗan kwangilar da ya zo da dogon jeri, maganin daɓe daban, na tebur daban, na taga daban, na ƙamshi daban, cinikinsa yake faɗaɗawa.

A kan bilic zan daɗe, don a nan aka fi yin ɓarna. Aji da baranda da tebur, sabulu da ruwa sun wadatar a kullum. Bilic na bakin masai ne, da hannun ƙofar banɗaki, da butoci, da wurin da aka yi amai ko jini ya zuba. Ku wajabta wa mai kawowa ya nuna muku ƙarfin da aka rubuta a jiki, ya kuma ba ku ma'auni. Idan kashi 3.5 cikin ɗari aka rubuta, gwangwani ɗaya ake zubawa cikin gwangwani 34 na ruwa don goge wuri, gwangwani ɗaya cikin 6 don amai da jini. Idan ƙarfin ya bambanta, lissafin ma ya bambanta, ku sa malamin kimiyya ya fitar da shi, a rubuta da manyan baƙaƙe da Hausa a manna a bangon sito. A fara wanke datti da sabulu tukuna, domin ƙazanta na cinye ƙarfin kulorin kafin ya kai ga ƙwayar cuta. A bar shi ya yi 'yan mintuna a wurin kafin a ɗauraye. A haɗa na yini ɗaya kawai, na jiya ƙarfinsa ya ragu. Masu shara da yawa sun ɗauka idan wari bai sa ido hawaye ba, wurin bai wanku ba, sai su tuttula shi tsagwaronsa. Hakan na ƙona hannu, yana tayar da tari, yana cin ƙarfe da siminti, yana kuma ƙarar da kayan zango guda cikin wata ɗaya. Ɗan kwangilar da ba zai tsaya ya koya wa ma'aikata wannan awo ba, bai cancanci kuɗinku ba. Idan kuwa amai da gudawa ya ɓulla a makaranta, ku bar lissafinku, ku kira jami'an lafiya na ƙaramar hukuma nan take, su ne za su faɗi ƙarfin da za a yi amfani da shi.

Kada a taɓa gauraya bilic da wani abu in ba ruwa ba. Idan ya haɗu da maganin wanke masai mai asid, iskar kulorin ke tashi, mai shaƙe numfashi. Idan ya haɗu da mai amoniya, wata gubar ce ke tashi. Banɗakunan makarantunmu ƙanana ne, tagar wasu ba ta fi tafin hannu biyu ba, mutum na iya faɗuwa a ciki kafin a ankara. Hanya mafi sauƙi ita ce kada maganin asid ya shigo makarantar tun farko.

Kada fiya-fiya ya shigo, ko da sunan kyauta. Na san damuwar makarantun kwana: kuɗin cizo a katifa, sauro da damina, kyankyasai a kicin, gara a silin. Na kuma san za a ce muku feshi ɗaya ya gama da su. Maganin gona ne, yana shiga jiki ta fata da ta numfashi, yana taɓa jijiyoyi. Tun watan Satumba na 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna, ta mayar da su hannun masu kayan noma. Haka ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake, iskar da take fitarwa ta sha kashe mutane a ɗakin kwana, kada a ajiye ta a siton abincin da ke jikin ɗakin ɗalibai. Kuɗin cizo, a fitar da katifu da gadaje rana, a zuba wa mahaɗar gado tafasasshen ruwa, a liƙe tsagar bango, a maimaita. Sauro, a ɗaura gidan sauro, a cike kwatamin da ke tara ruwa. Idan feshi ya zama dole, a yi shi da hutu, ta hannun mai lasisi, da sanin duba-gari, a rubuta sunan maganin a littafi, a bar tagogi a buɗe kwanaki kafin yara su dawo. Ciyawar filin makaranta ma a sa fartanya, a bar maganin ciyawa, nan yara ke wasa ba takalmi.

Kada ku sayi kafur na zubawa a wurin fitsari. Farare ne ƙanana masu kama da alewa, yara na ɗauka su kai baki. Akwai kuma wata larurar jini da ake gado, mai yawa a ƙasar nan, wadda wannan kafur ke farfasa wa mai ita jini har ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, kuma yawancin iyaye ba su san ɗansu na da ita ba. Turaren feshi ma ku soke shi daga jeri. Ba ya wanke komai, rufe wari kawai yake yi, yana kuma tayar wa mai asma ciwonsa. Banɗakin da ke bukatar turare, wanki yake bukata.

Ku gaya wa ɗan kwangila irin masan da kuke da su tun da wuri, ku ji amsar da zai bayar. Yawancin makarantun karkara masan rami ne. Rami yana da ƙananan halittun da ke narkar da abin da ke ciki, su ke sa ya daɗe bai cika ba. Idan aka riƙa kwarara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko baƙin mai, ko kananzir, kamar yadda wasu ke yi don korar wari, an kashe su, ramin zai cika da wuri. Ƙasarmu kuma rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, abin da aka zuba ƙasa yake bi. A goge bakin masai da siminti da ruwan bilic da aka auna, a zuba toka cikin ramin don wari da ƙuda, a rufe da murfi, a tabbata bututun iska yana da raga. Tokar kicin ɗin makaranta kyauta ce, kada wani ya sa muku ita a lissafi. Tsakanin masai da rijiya ko tuƙa-tuƙa ya zama akwai aƙalla mita 30. Idan kwangilar ta haɗa da yashe rami ko sokawe, a rubuta inda za a kai abin da aka kwaso. Ba kududdufin bayan gari ba, inda dabbobi ke sha, yara ke wanka da damina. Wani daga kwamiti ya bi motar ya gani.

Ku auna kowane kaya da ruwan da zai ci. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne lita 5 a rana ga kowane ɗalibin jeka-ka-dawo, lita 20 ga na kwana, kuma makarantu nawa ne a Sule Tankarkar ko Gagarawa ke samun haka a tsakiyar bazara? Sabulu mai kumfar da sai an ɗauraye sau uku, ruwan shan yara yake ci. Ku gwada kafin ku saya: aji ɗaya, bokiti ɗaya, ku ga wanne ya fita da ɗauraya guda. Ruwan alwala da na wanke hannu a ja masa hanya zuwa gindin darbejiya. Mai bilic kuwa kada ya je kan shuka. A yankin da ake dasa itatuwa don tare hamada, kunya ce a kashe dashen makaranta da ruwan wanki. Sabulun wanke hannu a ƙofar banɗaki shi ne abu na farko a jerinku, idan kuɗi bai isa ba a soke komai a bar shi.

Kada a yi sharar aji a bushe da safe yara na shiga. Kowa ya san yanayin: ƙarfe bakwai da rabi a hunturu, tsintsiya na tashi a kan fasasshen daɓe, ƙura ta turnuƙe har hasken taga ya yi duhu, a kaɗa ƙararrawa, yara su zauna a ciki suna tari. Sanƙarau a lokacin rani da ƙura yake tasowa, kuma a farkon 2023 Maigatari da Sule Tankarkar na cikin wuraren da ya fi tsanani a Najeriya, har aka yi gangamin rigakafi a yankin. Allurar ce ke kare yaro daga sanƙarau, shara ba ta yi, amma babu dalilin da zai sa mu ƙara wa maƙogwaronsa ƙura a kan wadda iska ta kawo. A yi shara bayan an tashi, a yayyafa ruwa tukuna, a buɗe tagogi, a goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma. Ku rubuta lokacin shara a cikin yarjejeniya.

Kada ku yarda da ƙona shara a harabar makaranta. Hayaƙin leda da roba guba ne, iska kuma cikin aji take kai shi. A raba shara uku. Ganye da ragowar abinci su shiga rami su zama taki. Ƙarfe da gorori a tara wa 'yan gwangwan, kuɗin ya koma sabulu. Leda a tara ta a buhu, a ɗaure, a kai inda ƙaramar hukuma ta ware. Duk ranar Alhamis Maigatari na cika da shanu da raƙuma da tumaki daga Najeriya da Nijar, arzikin yankin kenan. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin dabbar da ta rame ba dalili, zai ce muku dunƙulen leda. Don haka ku fifita mai kawo kaya a babbar jarka ɗaya a kan mai kawo ƙananan ƙulle ɗari.

Jarkar da ta ƙare kuwa, ya dawo ya ɗauki abarsa. Ku sa wannan a rubuce, ku riƙa ƙirgawa. Idan ba haka ba, gobe za ku gan ta a kan wani yaro an ɗebo ruwan sha, ko an zuba mata kunu.

A makarantun 'yan mata, ku tanadi bokiti mai murfi a cikin kowane banɗaki don audugar mata, da tsarin kwashe ta kullum cikin sirri. Idan babu, cikin rami za a jefa ko a toshe bututu, wasu 'yan matan kuma su zauna a gida kwanakin al'adarsu. Mata ne kaɗai za su yi aiki a banɗaki da ɗakin kwanan 'yan mata, ba sassauci.

Idan ma'aikata ɗan kwangilar zai kawo, ku san kowannensu. Suna, unguwa, da shaidar mai unguwa ko dagaci, domin mutane ne da za su riƙa yawo tsakanin yara. Kada a sauya muku mutum ba sanarwa. Ku wajabta masa ba su safar hannu mai kauri, takalmin roba da takunkumi, ku gani a jikinsu, ba a takarda ba. Bokiti da buroshin banɗaki a shafa musu jan fenti, kada su kusanci kicin ko aji. Ku kuma bi diddigin albashinsu. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne, ku ajiye wannan a gabanku yayin da kuke duba abin da aka ware wa mai wanke masan yara ɗari biyar. Ku ja dattijon da ke wankin gefe ku tambaye shi, “Baba, an biya ka na watan jiya?” Ɗan kwangilar da ke cin guminsa, zai ci sabulunku ma. Wanda ba a biya ba kuwa, ba za ku iya tsawata masa a kan aiki ba.

Kada yara su taɓa sinadari. Su share ajinsu, su tsince takarda, su ba shuka ruwa, wannan tarbiyya ce kuma muna son ta. Amma haɗa bilic da wanke masai da shi aikin babba ne. Ku daina mayar da wankin banɗaki horon mai laifi ko mai latti, yana koya wa yaro cewa tsabta wulaƙanci ce, yana kuma tura shi ɗakin da aka tuttula magani da hannu tsirara. Sito ya kasance da kwaɗo, makulli a hannun mutum ɗaya, nesa da abinci.

Kada ku zaɓi mafi araha ido rufe, araha ba ta ado. Ku lissafa farashi da yawan bokitin wankin da jarka za ta bayar bayan an tsinka, a nan za ku gane cewa jarkar da ta fi sauƙin kuɗi wani lokaci rabinta ruwa ne. Ku ajiye samfurin da aka nuna muku ranar ciniki a ofis, ku gwada shi da abin da aka kawo. A karɓi kaya da rana, a gaban mutum uku, ɗaya daga cikinsu uwa ce daga cikin iyaye, domin mata sun fi mu sanin sabulun ƙwarai. A ƙirga, a shigar a littafin sito, kowa ya sa hannu. Kada a biya kuɗi duka a gaba. Yarjejeniyar farko ta zango ɗaya ce, a rubuta a ciki cewa kawo kayan da ba a amince da su ba, ko sau ɗaya, ya isa a soke ta. Kada kuma ku karɓi na goro. Wanda ya karɓa, bakinsa ya mutu, kuma daga cikin sabulun yara za a cire abin da aka ba shi.

Ku jawo duba-gari na ƙaramar hukuma cikin lamarin tun ranar tantancewa, aikinsu ne, an horar da su a kansa. Sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomin nan huɗu, da za ku haɗa kai ku fitar da jeri ɗaya na kayan da aka yarda da su da waɗanda aka hana, ku raba wa firamare da sakandare da islamiyyu da tsangayu, da kun sauƙaƙa wa kowane hedimasta faɗin a'a ga wanda yake jin nauyinsa.

Kada ku jira sabuwar kwangila. A makon nan kwamiti ya zauna, a buɗe sito, a fito da komai tsakar fili. Duk gorar da ba ta da suna, duk kwalbar fiya-fiya, duk abin da kwanansa ya wuce, a ware shi gefe. Kada a zubar a masai ko a kwata, a kira duba-gari ya zo ya ɗauka. Iyaye kuma, idan kun kai yaro makaranta gobe, ku nemi a nuna muku banɗaki da sito, haƙƙinku ne.